Abin Wuyan Malam Sidi

Tun da aka raba abin wuyan nan mai ƙarasa wa mutum magana, Malam Sidi, wanda ɓarin jikinsa ya shanye, ya daina wahalar da kowa. Da ya motsa leɓe sai abin ya ce, "Kunu, na gode."

Ran da Kubura ta zo gwajin aikin kula da shi, cajin abin ya ƙare. 'Yarsa Saude ta cire abin za ta kai caji, ta ce, "Ki ba shi kunu, shi yake so."

Kubura ta ɗauki cokali, sai ta ga yana kokawa da harshensa. Ta ajiye, ta zauna kan tabarma, tana son jin yadda muryarsa take.

"Ina jin ka, Baba. Ba inda za ni."

Kunun ya huce. Yawu ya zubo masa, ta goge, ta ci gaba da jira.

Can ya ce, "Ba... na... son... kunu."

Ashe Saude ta dawo, tana bakin ƙofa riƙe da abin.

Saude ta ce, "Tun yaushe, Baba?"

Malam Sidi ya soma motsa leɓe. Daga hannunta abin ya riga shi: "Kunu, na gode."