Marubuciyar da Ƙanwarta Ta Nema a Waya

Ka ce kana hidimar jama'a har ba ka ganin 'yan gidanku? To, saurara ka ji. An yi wata marubuciyar littattafan soyayya a Kano wadda littafinta ba ya kwana a shago. Masu kitso suna karanta shi, ana karanta shi a rediyo, matan da ba su taɓa ganin fuskarta ba suna kiranta Anti. Wayarta ba ta hutawa. Wannan mijinta ya juya mata baya, waccan ta rasa haihuwa, ita kuwa kowacce sai ta lallashe ta da zance mai sanyi. Tana da ƙanwa, uwa ɗaya uba ɗaya, layi biyu ne tsakaninsu. Ƙanwar takan zo ta zauna bakin tabarma, ta sha ruwa, ta jira har la'asar, sai a ce mata ta dawo jibi, akwai babin da ba a gama ba. Tun tana dawowa har ta ɗauke ƙafa, yayar ba ta ma lura ba.

Ana nan sai wata baƙuwar lamba ta fara turo mata saƙo. Mace ce, mijinta na kwance ɓarin jikinsa ya shanye, ita ke juya shi, ita ke ba shi kunu da cokali, ba ta da mai jin kukanta. Wata bakwai marubuciyar tana ba ta haƙuri. Wata safiya saƙo ya shigo cewa mijin ya cika. Ba ta ajiye wayar ba aka yi sallama, aka ce mijin ƙanwarta ya rasu bayan doguwar jinya. Ta yafa mayafi ta fita. A wurin zaman makoki ta durƙusa gaban ƙanwar. Ƙanwar ta ce, "Yaya, ta waya kaɗai na ga ana samunki." Da ta fita takaba ta kwashe 'ya'yanta ta koma Gusau wurin dangin mijin. Marubuciyar ta ci gaba da fitar da littattafai, ana rububinsu kamar da. Amma ranar Sallah ta dafa tuwo tukunya guda, ta shimfiɗa tabarma, har rana ta faɗi ba wanda ya yi mata sallama.

Shi ya sa Hausawa ke cewa, inuwar giginya, na nesa ka sha.