Wanda Ya Kai Takardar

Sau uku Jan Biro ya sake rubuta wasiƙar ƙorafin kafin ta yi masa. Shekara talatin da biyar ya yi yana koyar da lissafi, kuma ɗalibai ne suka liƙa masa wannan laƙabi don ba ya barin kuskure ya wuce, ko nasa ne.

Abin da ya hana shi sukuni shi ne ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ta gina ɗakin karatu a makarantar ƙauyen da ya fara aiki, kuma za ta sa masa sunan Dogo, tsohon malamin tarihi. Saura kwana tara a buɗe ginin.

Dogo amininsa ne a da. Teburinsu ɗaya a ɗakin malamai, famfon kekensu ma ɗaya. Shekara ashirin da bakwai da suka wuce, ana gab da ba Jan Biro shugabancin makarantar, sai wata takarda marar sa hannu ta isa ofishin ilimi, wai ya mari yaro har kunnensa ya yi jini. Ba a kira shi ba, ba a kira yaron ba. Aka soke sunansa, aka mai da shi gari a matsayin malamin aji, a nan ya yi ritaya. Kujerar kuwa Dogo aka ba.

Kuma ya ga wanda ya kai takardar. Talata ce, an yi yayyafi da safe. Dogo ya jingine kekensa a jikin bishiyar ƙofar ofis, ya waiga hagu da dama, ya zaro farar ambulan daga aljihun shuɗiyar rigarsa. Ya sha ba da labarin nan har 'ya'yansa kan riga shi ƙarasawa.

A wannan zangon karatun ne Jan Biro ya karye a ƙafa. Yana fara takawa da sanda ya je ya tari Dogo a gaban malamai. Dogo ya daɗe yana kallonsa.

"Da idonka ka gan ni?"

"Da idona."

"To, shi ke nan."

Bai musa ba. Ga Jan Biro, wanda bai musa ba ya amsa.

Washegarin ranar da ya gama wasiƙar ƙorafin, da safe matarsa ta goge masa riga, tana gogar tana magana. "Malam, shekara nawa yanzu? Da muna can ƙauyen, da autarmu mai asma ta kai yau? Tafiyar awa uku fa kafin a ga likita."

"Ba maganar likita nake yi ba, maganar sunana nake yi. Asalin takardar nake so a fito da ita, a kai wa ƙungiya, su san wanda za su karrama."

Ta sa masa tabarau a aljihu. Ba ta raka shi ƙofa ba.

Kwana uku ya yi yana zarya a ofishin ilimi. Ranar farko mai makulli ya tafi asibiti. Rana ta biyu aka ce ya kawo buƙatarsa a rubuce, ya zaro kwafi biyu daga jaka. Rana ta uku aka sauke shi ɗakin ajiyar fayiloli, inda ya tarar da wata mata mai furfura tana cin abinci a bayan tulin takardu. Tana ganinsa ta miƙe.

"Malam, kai ne? Aji biyar, layin taga. Har yau in na ga rula sai tafin hannuna ya yi zafi."

"Da kin haddace jadawalin bakwai da bai yi ba. Nemo mini fayil ɗina."

Ta nemo. Ta kaɗe shi, ta kwance zaren, ta juya shafuka har ta kai wata takarda a ninke, da hatimin ofis a bayanta.

"An karɓa ranar Talata, sha huɗu ga Mayu."

"Talata," ya ce, ya buga yatsa a tebur. "Ranar na ga Dogo ya kawo ta. Rubuta wannan."

Ba ta rubuta ba. Shafin da ke gaba take dubawa.

"Malam, ga takardar hutun jinyarka. An kwantar da kai a babban asibiti shida ga Mayu, ƙafa a rataye. An sallame ka talatin ga wata." Ta ɗago kai. "Ta wace taga ka hango shi?"

Ya rufe ido. Komai na nan sarai: keken, bishiyar, shuɗiyar rigar. Amma yau ne kawai ya tambayi kansa inda yake tsaye a ranar, ya nema ya rasa. Abin da ya zo masa sai warin magani, da nauyin filasta a ƙafa, da wata murya a gefen gado tana faɗa masa a hankali, yau da gobe da jibi, cewa an ga Dogo ya waiga hagu da dama.

Ya sa tabarau, ya buɗe takardar. A gefenta akwai layi biyu da hannun Dogo, da kwanan wata: "Zargin nan ƙarya ne, ina roƙo a janye shi. Na san rubutun, amma ba zan faɗi mai shi ba."

Sai ya duba rubutun ainihin zargin. Bai nemi sa hannu ba. Shi ya riƙe hannun da ya yi shi, shekara biyu cur a kan teburin cin abincinsu, har ranar da matarsa ta iya rubuta wasiƙa ita kaɗai.