Hita a Taraktar Munzali

Muttaka ya yanke tiyo na biyu, ya tofar da yawu, ya sake jan rawani ya rufe hanci. Shekara goma sha ɗaya yana kanikanci a wata warsha, garejin gyaran motoci, a bayan titin Mansur a Makka, ba a taɓa kawo masa abin hawa mai wari irin wannan ƙaramar taraktar ba.

Aikin ma abin mamaki ne. Sati uku da sauka daga Arfa, Makka kamar tanda, amma Munzali direban ya ce hita mai hura zafi yake so a ɗakin tuƙi.

"Sanyin ƙashi ke damuna, malam," in ji shi. "An ce min hannunka na da kyau, kuma ba ka da surutu."

Wanda ba shi da iƙama, takardar izinin zama, ba ya yawan tambaya. Muttaka ya zubar da ruwan lagireto, ya jawo tiyo ɗaya daga kan injin zuwa hitar, ya mayar da ɗayan ga famfon ruwa. Ƙudaje na bin gilashi. A rufin ɗakin an ɗaura wayoyin ƙarfe jere-jere, duk sun yi maiƙo.

Da azahar ya buɗe kwanon da matarsa Mubina ta zubo masa, shinkafa da ɗan dambun naman da take sayarwa. Loma uku ya yi, wari ya hana shi. Ya rufe.

Sai da ya ɗaga kujera zai ɗaure fanka ya ga buhun. Nama ne yankakke fale-fale, gefensa ya yi kore, tsutsa na motsi a ciki. Ya fita da gudu ya yi amai a bakin ƙofa. A nan durƙushe ya karanta rubutun da ke jikin tirelar da taraktar ke ja: ta kamfanin da ke kwashe matattun dabbobi zuwa ramin binnewa ce.

Munzali ya dawo bayan la'asar, ya tarar da buhun a ƙasa.

"Mushe kake busarwa a ciki," in ji Muttaka. "Mutane kake ba wa."

"In na shanya a fili 'yan baladiyya, hukumar gari, za su gani. Da hitar nan, awa shida ya bushe. In ya sha yaji, halas."

"Ba zan ƙarasa ba. Kuma wallahi ko kama ni za a yi a mayar da ni Kano, sai na kai ƙararka, kai da duk ƙazamin da ke saye a hannunka."

Munzali ya ɗauki buhun, ya kaɗe masa ƙasa a hankali, ya ɗora a kafaɗa.

"To ka fara daga gida, malam. Mai saye ɗaya gare ni shekara biyu ke nan, kuma ita Hajiya Mubinar ce ta ce in kawo maka aikin."