Gwafa Biyu a Bakin Rijiya Ɗaya

Tanimu, na ji an sa sunanka cikin masu zuwa zaman yarjejeniya da manyan ƙasashen nan da suka fara zawarcin yankinmu. Ka shigo kana washe baki wai yanzu kowa na son mu. Ajiye takardun nan ka ba ni kunnenka, don ni tsoro ne ya kama ni.

A can bakin daji, inda gona ke ƙarewa rairayi ya fara, akwai wata rijiya mai zurfin gaba arba'in. Daga ita, ko ina ka nufa, sai ka yi kwana biyar ba ka ga ruwa ba. Unguwa biyu ke shan ta, ta gabas da ta yamma, kuma kakanninsu ne suka haƙa ta tare. Al'adarsu ita ce baƙo ya sha ya shayar da dabbarsa kyauta, amma da gugan 'yan gari. Ba a barinsa ya kafa gwafa, itacen nan mai baki biyu da ake ɗora igiyar guga a kai, domin duk wanda ya kafa tasa ya zama mai rabo a rijiyar, shi da zuriyarsa. Shekara da shekaru wani tsohon madugu ne ke riƙe da hanyar, mahara na shakkarsa, mutanen rijiya na barci har da minshari. Da ƙarfinsa ya ƙare, ayarinsa ya watse, sai ga wasu madugai biyu, ɗaya mai gishiri, ɗaya mai goro, kowanne ba ya ƙaunar jin sunan ɗayan. Ba wanda ya nemi a tara jama'a, don sun san abin da taro zai ce. Mai gishiri ya zagaya wurin mai unguwar gabas da bargo da takobi, ya yi masa alkawarin 'yan tsaro, sannan ya raɗa masa cewa na yamma ya riga ya fara ƙulla magana da mai goro. A ranar dai ƙarya ce tsagwaronta. Amma mai unguwar gabas mutum ne mai tsoron a riga shi. Gidan maƙwabcin nan nasa, wanda aka yi musu kaciya rana ɗaya, ko kira ya yi za a ji, duk da haka bai taka ya tambaye shi ba. Ya ce mai gishiri ya kafa gwafarsa. Na yamma ya wayi gari ya ga gwafar baƙo, kafin azahar shi ma ya aika a kira masa mai goro ya kafa tasa.

Daga nan igiya ba ta ƙara hutawa ba. Raƙuma ke fara sha, matan gari na tsugune da tulunansu har rana ta take. Kafin bazara ta yi nisa guga ya fara fitowa da laka, dole a yashe rijiya. Su kuwa tun kaka da kakanni, idan mai shiga ya fito daga unguwa ɗaya, masu riƙe masa igiya daga ɗayar suke fitowa, kuma a wannan shekarar gabas ke shiga. Samarin gabas suka noƙe, don an daɗe ana cika musu kunne cewa na yamma sun sayar da kansu. Mai unguwar gabas ya tuɓe riga ya ce shi zai shiga. Na yamma ya zo da mutanensa kamar yadda aka saba, ya miƙa hannu ya ce, "Ɗan'uwa, abin da ya faru ya faru. Kawo igiyar, mu muka saba riƙe ku." Na gabas ya dubi jan goron da ke bakin na yamma, ya kau da kai, ya ce ai yanzu yana da mutane. Ya damƙa igiyar a hannun 'yan tsaron mai gishiri, ƙarti huɗu, kowanne ya yi biyun ɗan gari. Yana cikin sauka, bai kai rabi ba, gardama ta tashi a sama kan raƙuman wa za su fara sha idan ruwa ya dawo. Wani daga ɓangaren mai goro ya zare takobi ya nufi gwafar mai gishiri. Ƙartin nan kuwa gwafa aka kawo su tsarewa, ba wanda ya taɓa ce musu su tsare mutum, saboda haka suka saki igiya suka rarumi makamansu. Mai unguwar yamma ya yi tsalle ya faɗi rub da ciki, amma bakin igiyar ya riga ya wuce. Sai da aka kwana uku kafin a fito da gawar, ruwan kuma ya ɓaci. Madugan biyu suka ɗaure kaya, kowanne ya tafi neman wata rijiyar, ba wanda ya tsaya jana'iza. Mutanen gabas da na yamma suka bar gidajensu, suka kama hanyar kwana biyar ɗin nan da tsofaffi da goyo, kuma ba duka suka kai ba.

Ban ce kada ku yi hulɗa da baƙo ba, Tanimu, wanda ke zaune a kan hanya ba ya rufe ƙofa. Amma duk wanda ya ja ka gefe ya ce maƙwabcinku ya riga ya sa hannu, kada ka taɓa alƙalami sai ka je ka ji daga bakin maƙwabcin. Hausawa sun ce, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.