Farantin Injiniya

Injiniya ta sake murɗa wutar, allurar na'urar ko gezau. Masu ɗaukar nauyin bincikenta suka dubi agogo, suka fice ɗaya bayan ɗaya.

Shekara da shekaru ta yi tana shimfiɗa wa ɗan farantin nan girafin, shafin gawayin da ido da ƙyar yake gani, don ya fitar da lantarki da ƙarfin ƙaramin batir. Jiya ma ya yi aiki.

Babanta, wanda ta gayyato ya ga ranarta, ya matso yana raɗa: "Uwata, aƙalla ba su ga ƙazanta ba. Na hango dattin gawayi a farantin, na goge miki shi tas da bakin rigata."

Ta daɗe tana kallon murmushinsa.

"Sannu da aiki, Baba."