Hirar Da Olaru Ya Yi Da Darakta

Tiberiu Olaru ya cilla kwat ɗinsa kan kanta, ko kallon mai karɓa bai yi ba. A gidan wasanmu ba a shiga zaure da kwat, ko kai waye, shi kuma shekara arba'in ke nan haka yake cilla tasa.

"Yau ka yi sammako, yallaɓai," in ji tsohuwar da ke rataye kayan mutane.

"Inna, lamba za ki ba ni, ba hira ba."

Olaru shi ne mai sharhin wasanni a jaridar garinmu, irin mutumin da ko tari ɗan wasa ya yi sai ya samo masa ma'ana. Ranar ake sake ɗora "Auren Masinja", wasan waƙa da rawa da aka haramta tun zamanin jam'iyya ɗaya, bayan wani matashi ya rubuta cewa raini ne ga ma'aikata. Matashin Olaru ne. Aka kori mai shirya wasan, shi kuma aka ba shi shafi guda a jarida.

To yanzu shafin ne ke lilo. Edita ya ce ko ya kawo hira da daraktan wasan, wani V. Buzatu da aka rubuta a jikin allon talla, ko ya tafi gida ya yi renon jikoki. 'Yan gidan wasa kuwa suka ɗinke baki, suka ce darakta ba ya magana da 'yan jarida.

Sai Olaru ya zauna ya ƙirƙiro hirar tsaf. Da safen nan ta fito, har da yadda suka sha kofi da "tsohon abokina Buzatu, mai gemu da kaifin ido".

Da aka je hutun rabin wasa, ya tara jama'a daf da kantar yana zuba. "Kun ga amarya 'yar shekara sittin? Buzatu da bakinsa ya ce mini ƙasarmu ce, ta tsufa tana jiran ango. Dandamalin da kuka gani fayau ba kaya, zuciyar talaka ke nan."

"Anya ba don ita kaɗai ke iya ɗaga muryar nan ba?" in ji tsohuwar. "Kayan kuma ai suna kare wa na baya gani."

"Ku ji mini Inna!" Olaru ya ce, yana dariya har da riƙe ciki. "Baiwar Allah, ki tsaya a kan ƙugiyoyinki."

Aka taya shi dariya. Ni ma na yi, kuma har yau ina jin kunyar abin.

Wasa ya ƙare, zaure ya miƙe tsaye, ana tafi ana kiran darakta. Edita, da ke zaune kusa da Olaru, ya zungure shi: "Bari mu ga gemun abokin naka."

Olaru ya ƙura wa dandamali ido. Fatansa ɗaya, mutumin ya fito da ko ɗan tsiro a haɓa.

Manajan gidan ya ɗaga hannu aka yi tsit. Ya ce bana ba su je nesa neman darakta ba. Wadda ta shirya wasan tun farko, tana amfani da sunan mijinta a wancan lokaci, ita suka roƙa ta sake shirya kayanta.

Sai ga Viorica Buzatu ta fito tsakiyar fitila, sanye da shuɗiyar rigar masu rataye kwat.