Lu'ulu'un Kaka

Tun daga unguwar Hindawiyya ta Jidda yake addu'ar kada dutsen ya zama gilashi. Kakarsa ce ta shigo da shi ƙasar nan a cikin kitsonta, ta bar wa matar da jikanta zai aura. Yau ya kawo shi a ɗora kan zoben baiko.

Mai shagon zinariya ya daɗe yana duban dutsen, sannan ya dubi silifas ɗin saurayin.

"A gidan wa kake aiki? Kawo iƙamarka."

A Jidda aka haifi saurayin, amma ko takarda ɗaya ba shi da ita, balle ta izinin zama.

Mutumin ya kulle ƙofa, ya sake kai dutsen ƙarƙashin fitila don ya tabbatar. Saurayin ya soma roƙon Allah ya sa gilashi ne.